Tsakanin kamu da zuwan jandarma: inda sintirin ƙauye ke gyaruwa ko ya ɓaci

A ƙauyukan jihar Tahoua ta ƙasar Nijar, in aka kwarma ihun ɓarawo da ƙarfe biyun dare, masu fara isowa maƙwabta ne da gora da tocila. Lambar waya 17 ta 'yan sanda tana da amfani ga mutumin birnin Tahoua ko Ƙonni ko Madawa, inda akwai komisariya. Karkara kuwa hurumin jandarma ce, birgad ɗinsu, wato ofishinsu, kuma galibi tana babban garin gunduma ko wata babbar ƙaramar hukuma, ga tarin ƙauyuka a wuyanta, ga ƙarancin mota da mai. Hanya ta ƙasa ce, duwatsun Adar ba su barin a yi gudu, in damina ce kuma korama ɗaya ta isa ta tsayar da mota har wayewar gari. Saboda haka daga lokacin da aka danƙe mutum zuwa lokacin da hukuma za ta karɓe shi, akan samu awa huɗu, shida, wani lokaci wuni guda. Kusan duk abin da ke rusa ƙungiyar sintiri a cikin waɗannan awoyi yake faruwa. Amma ranar taron kafa ta, sai magana ta ƙare kan tocila da usur da kuɗin shayi, ba wanda ya tambaya: to in mun kama shi, sai me?

Amsar tana farawa daga sanin wa ke da ikon me. Dokar sarautun gargajiya mai lamba 2015-01 ta ranar 13 ga Janairun 2015 ta ba mai gari da mai unguwa da sarkin kanto ikon sulhu a rigingimun al'ada da na bashi da ciniki: iyakar gona, gado, aure, ɓarnar dabbobi. In an shirya, a rubuta takardar sulhu, in ba a shirya ba, a rubuta hakan a tura gaba. Ba ta ba su ikon hukunta laifi ba. Sata da duka da fyaɗe da kisa na kotu ne, ta hannun jandarma ko 'yan sanda, ƙarƙashin alƙali mai shigar da ƙara. Makiyaya suna da nasu shugabannin rukuni da na ƙabila, masu matsayi irin na sarkin kanto da mai gari. Prefe, wato shugaban gunduma, ke riƙe da tsaronta, da jami'an tsaro na gardi a hannunsa. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, wakilan da gwamnati ta naɗa ke zaune a kujerun magadan gari, don haka duk takardar da a da ake kai wa magajin gari, yanzu su ake kai wa.

'Yan sintiri fa? Ba su da wani iko da ya wuce na kowane ɗan ƙasa. Doka ta yarda wanda ya ga ana tsakar aikata laifin da ake ɗauri a kansa ya kama mai laifin ya kai shi ga jami'in bincike mafi kusa. Iyakarta ke nan. Babu binciken gidan mutum, babu tsare shi kwana biyu a ɗaki, babu cin tara, babu bulala. Riga iri ɗaya da usur a wuya ba su ƙara komai a kan wannan.

Satar ƙauye tana bin lokaci, kuma wanda ya san lokacinta ya rage wa kansa rabin wahala. Da kaka, dammunan hatsi da aka bari a gona kafin a samu amalanke, da waken da aka tara ba a sussuke ba. Da rani, Adar kan zama kusan wayam, maza sun tafi cirani Abijan da Libiya da Aljeriya da Nijeriya, gidaje da yawa sai mata da yara da tsofaffi. A nan ake fasa rumbu, a kwance akuya daga turke. A fadamun Galmi da kwarin Magiya da Tarka, abin da ido ke kai shi ne injin ban-ruwa da faifan sola da batirinsa, sai albasar da aka zuba a rudu ana jiran ta yi tsada. Da bazara, zafi ya koro kowa waje, salula tana ƙarƙashin matashi, babur yana jingine a zaure. Makonni biyu zuwa uku kafin Babbar Salla, ragunan layya. Daren da ake ruwa da iska, ƙarar ruwa kan rufe ƙarar fasa bango. Sintirin da ke fita da mutum shida kowane dare, shekara cur, ba bambanci, yana ƙona ƙarfinsa ne a dararen farin wata da ba mai fitowa, sannan ya gaji daidai lokacin da ake bukatarsa.

Abu na biyu: baƙo bai san wane rumbu ke cike ba, bai san gidan da maigida ya yi tafiya ba, bai san karen da ke haushi ba. Da ɗan gari akan ci gari. Wannan ya sa zaɓen 'yan sintiri ya fi yawansu muhimmanci. Kuskuren da aka fi yi shi ne a miƙa aikin kacokan ga wata fada ta samari saboda dama su ke kwana a waje suna shan shayi. Cikinsu akwai na kirki da yawa, amma in akwai ko biyu masu shan tiramol, an ba su ke nan jadawalin dare da sanin gidan kowa. Abin da ya fi zama lafiya shi ne kowane rukuni ya haɗa magidanci ɗaya ko biyu da samari, daga zuri'a daban-daban, mai unguwa da liman su amince da kowane suna, a rubuta sunayen da lambobin waya, a kai kwafi ɗaya birgad, ɗaya ofishin ƙaramar hukuma. Kai sunayen nan yana kare 'yan sintirin kansu: jandarman da suka ci karo da mutum shida da sanduna cikin dare suna bukatar sanin su wane ne.

Lissafin kuɗi ma a yi shi a fili tun farko. A ce unguwa mai gida 120, kowane gida dala ɗari a wata, wato CFA 500. Jika sittin ke nan, wato CFA 60,000. In mutum shida aka ɗauka aiki na dindindin a kan jika bakwai da rabi kowanne, jika 45 ta tafi, saura 15 na batir da kuɗin waya da shayi da man babur. A takarda ya yi daidai. A zahiri, da zarar sata ta lafa sai biya ya lafa, don ba wanda ke ganin satar da ba a yi ba. Wanda ya kwana wata biyu a tsaye bai ga ko dala ba, ko ya ajiye gora, ko ya fara neman haƙƙinsa a wurin masu wucewa, ya tare ɗan kabu-kabu ya ce sai ya ba da na shayi. Daga nan ƙungiya ta zama shinge. Tsarin karɓa-karɓa ya fi daɗewa: mutum 42, rukuni bakwai na mutum shida, kowa dare ɗaya a mako, ba albashi, kuɗin da aka tara na kayan aiki ne da asusun kai mai laifi birgad. Mai karɓar kuɗi daban, mai ajiya daban, a karanta shiga da fita bayan sallar Juma'a sau ɗaya a wata. Gidan da maigida ke cirani ya aiko da kuɗinsa. Gidan gwauruwa da na marayu a yafe musu, a kuma faɗi hakan a taro don kada a yi ta gunaguni a bayan fage.

Shi kansa yawon daren ba wuya gare shi ba. Daga sha ɗaya zuwa kiran assalatu, mutum shida su rabu uku-uku, kada a bi hanya ɗaya a lokaci ɗaya dare biyu a jere, kada a riƙa haska tocila a kowane taku, don ɓarawo na hango haske tun daga nesa ya san inda ba a nan. A yarda kan busa: ɗaya na neman juna, uku a jere na tayar da gari. Sannan littafi, ko na 'yan lakwal ne, a rubuta wa ya fita, me aka gani, ƙarfe nawa.

Sai a zo kan kamu. Haɗari mafi girma a mintoci goma na farko taron jama'a ne. Mutum hamsin sun fito cikin duhu, kowa da tsohuwar satar da aka yi masa a zuciya, na baya yana jifa bai ma ga fuskar wanda aka kama ba. Aikin farko na 'yan sintiri shi ne su kewaye mutumin su ja shi zuwa zauren mai gari ko mai unguwa, a zaunar da dattawa biyu a bakin ƙofa, a taso liman. Ƙungiyar da ba ta iya kare ɓarawon da ta kama daga mutanen garinta ba, ba ta shirya fita sintiri ba tukuna.

Nan take a kira kwamandan birgad, daga wayar mai gari in zai yiwu, don lambar da ya sani ya fi saurin ɗauka. Shi ya sa ake karɓar lambarsa da ta mataimakinsa tun ranar kafa ƙungiya, a kuma sake karɓa duk lokacin da aka yi canjin wurin aiki. A rubuta lokacin da aka kira da abin da ya ce. A ɗauki hoton mutumin yadda aka kama shi, in da rauni a jikinsa a kira ma'aikacin asibitin ƙauye. Hoton na jandarma ne; zuba shi a WhatsApp da suna da sunan uba yana jawo ƙarar ɓata suna in abin bai tabbata ba, in kuma yaro ne, alƙalin yara ke da shari'arsa.

Kayan da aka kama shi da su, kada a mayar wa mai su a daren. Wannan shi ke da wuya, don mai rago yana tsaye yana cewa, "Ranka ya daɗe, ai nawa ne, kowa ya san shi." Nasa ne, amma in jandarma suka zo suka tarar da rago a turken mai shi, babu igiyar da aka yanke, babu kwaɗon da aka fasa, abin da ya rage maganar baki ce. A ajiye komai wuri ɗaya: ragon, igiyar, ƙarfen da aka ɓalle ƙofa da shi, babur in da shi aka zo. A rubuta sunayen mutum biyu da suka gani da idonsu, ba waɗanda suka zo bayan ihu ba. A rubuta kuma ko da dare ne, su nawa ne, ko an fasa ƙofa ko an haura katanga, ko akwai makami. Waɗannan su ke sa hukuncin sata ya yi nauyi a kotu, kuma su ne mutane kan manta bayan kwana uku.

Duka don ya faɗi abokansa shi ne kuskuren da ya fi kowanne tsada. Wanda ake duka yana faɗin sunan duk wanda ya zo bakinsa, har da wanda suke gaba, sai a je a taso wani bawan Allah daga barci a haɗa da shi. Gaban alƙali zai ce tilas aka yi masa, ga tabo a bayansa yana shaida. In ya karye ko ya mutu, shari'a ta juya: 'yan sintiri ke amsa tuhumar duka da raunatawa ko dukan da ya kai ga kisa, kuma sunayensu na nan a rubuce. Ɗaure shi a ɗaki kwana biyu ana jiran danginsa su kawo kuɗi, tsare mutum ne ba bisa ƙa'ida ba, laifi ne mai zaman kansa.

In kwamanda ya ce a kawo shi, a jira gari ya waye, mutum uku da wakilin mai gari su raka shi, mai kaya da shaidu su biyo. A nan asusun ƙungiya ke aiki, don kuɗin mota na mutum bakwai zuwa babban gari da dawowa ya isa ya sa talaka ya ce ya bar wa Allah.

Daga nan ne ƙorafin da aka fi ji ke tasowa: mun kai shi, kwana biyu ga shi ya dawo. Ba za a ce ba a taɓa cin hanci ba, amma galibi dalilin yana gida. A laifin yau da kullum jandarma suna da awa 48 su tsare mutum, mai shigar da ƙara na iya ƙara musu wasu 48, daga nan ko a gurfanar da shi ko a sake shi. In mai kaya bai je ya ba da bayani ba, shaidu sun ce suna da aikin gona, kayan shaida sun koma gida, dattawa kuma sun je da goro sun roƙi mai kaya ya haƙura saboda zumunta, me ya rage a hannun mai bincike? Sai a sake shi, gari ya ce hukuma ba ta da amfani, wanda aka kama na gaba kuma ya sha dukan mutum biyu. Gari yana da damar ya zaɓi sulhu a ƙananan abubuwa, kaza ko damin hatsi na ɗan gida, kuma sau da yawa hakan ya fi ɗauri alheri. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a yi sulhu a ɓoye sannan a zagi jandarma a fili.

Satar dabbobi tana da nata tsari, har dokar hukunta laifuka ta ware mata sashe na kanta. A nan gudu ake yi da ranar kasuwa. Da an ga turke wayam, a hana jama'a tattake wurin, a kira mai bin sawu tun kafin garken gari ya fita kiwo ya share komai. A lokaci guda a buga waya ga manyan dillalai da sarakunan fawa na kasuwannin da za su ci cikin kwana uku masu zuwa, Badagishiri ko Tunfafi ko Tahoua ko Abalak, gwargwadon inda garin yake, da cikakken kwatance: launi, ƙaho, shekaru, tsagar kunne, shaidar wuta. "Jan sa" ba kwatance ba ne a kasuwar da ke da jajayen shanu ɗari. Hoton kowace dabba a salula, ta gefe biyu, ya fi rantsuwa. Haka lambar jikin babur da ta injinsa, da lambar salula da ke fitowa in an danna *#06#: a rubuta su a ajiye tun kafin a yi asara. A kudancin jiha abin ya fi gaggawa, don daga Ƙonni zuwa Illelar Nijeriya tafiya ce 'yar kaɗan, in dabba ta ƙetare iyaka sai dai addu'a. Mai saye yana sane da kayan sata ne shi ma doka na hukunta shi, kuma mahauci ɗaya ko mai sayen tsoffin ƙarafa ɗaya da aka gurfanar ya fi wata guda na yawon dare rage sata.

Bin sawu yana da nasa tarko. Sawu kan mutu a bakin mashaya ko burtali, inda dabbobi ɗari suka bi, ruga mafi kusa kuma sai ta zama abin zargi. Samari ashirin da sanduna su nufi ruga, wannan ba bincike ba ne. Dattawa biyu su je wurin arɗo ko shugaban ƙabila, su yi sallama, su faɗi abin da ya kawo su. Makiyaya su ma ana sace musu, kuma sun fi kowa sanin wa ya wuce da dare. Ƙungiyar sintirin da babu Bafulatani ko Buzu ko ɗaya a cikinta, alhali suna zaune a gefen garin shekara da shekaru, tun daga kafuwarta ta karkata.

Ɓarnar gona kuwa ba ta cikin aikin sintiri ko kaɗan. Tana da hanyarta tun dokar tsarin karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010: hukumar filaye ta ƙauye, mai gari da wakilan manoma da makiyaya su je su ga ɓarnar, a ƙiyasta, a yi sulhu, in ya gagara a hau sama. Akwai kuma ranar sakin gonaki da hukuma ke tsayarwa kowace shekara bayan girbi, kuma yawancin rigima a makonnin da ke gabanta ake yi. Mutanen jihar nan ba su manta Bangi ta gundumar Madawa ba, inda a watan Nuwamban 2016 rikicin manoma da makiyaya ya ci aƙalla mutum 18.

Saura maganar bindiga, wadda ke tasowa duk inda masu satar mutane da shanu suka fara ƙetarowa daga Sakkwato da Zamfara. Fushin mutane a fili yake, kuma ba wanda zai ce wa mai gidan da aka ɗauke wa ɗa ya yi haƙuri da usur. Amma abin da ya faru a maƙwabta yana gaban kowa. 'Yan sa-kai na Zamfara sun fara da kare gari, suka koma kashe Fulani a kasuwanni bisa zargi, ramuwar gayya ta ƙone ƙauyuka. A Gudu da Tangaza na jihar Sakkwato, wasu shugabannin al'umma ne suka gayyato masu bindigar da yanzu ake kira Lakurawa don su kori ɓarayin shanu, daga baya suka koma karɓar zakkar dole a kan shanun. A Banibangu ta jihar Tilaberi, a watan Nuwamban 2021, magajin gari ya fita da 'yan kwamitocin sa-ido suka faɗa kwanton ɓauna, mutum 69 suka mutu har da shi. A arewacin Tahoua, inda Tasara da Tiliya ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, harin ranar 21 ga Maris 2021 a yankin Tiliya ya kashe mutum 137. Masu irin wannan aiki ba abokan karon bindigar toka ba ne, garin da aka san ya ɗauki makami kuma shi ake fara nufa. Ga shi riƙe bindiga ba takardar izini laifi ne a kan kansa.

Abin da sintiri ke iya yi a irin wannan yanki shi ne gani da isarwa da wuri: babura nawa, mutum nawa a kan kowanne, daga ina zuwa ina, ƙarfe nawa, wa ke sayen burodi da mai da katin waya fiye da bukatar gidansa. A yarda tun da rana kan inda mata da yara za su nufa in an ji harbi, da wanda zai kira ƙauyen gaba. Labarin kuma ya bi ta bakin mutum ɗaya ko biyu da jami'an tsaro suka sani, kada a tattauna shi a dandalin WhatsApp na gari mai mutum ɗari biyu, kada kuma a tashi a masallaci ana yi wa wane godiya da suna don shi ya ba da rahoto.